Kwamfuta a Kan Filo

Shekara talatin da ɗaya Baba Ƙwas-ƙwas ya yi yana buga wa mutane takardu a barandar ofishin ɗaukar ma'aikata, a tebur na farko, wanda duk mai hawowa matakala sai ya ci karo da shi. Ƙarar tafiretarsa ce ta ba shi sunan. Rabin garin shi ya buga musu takardar neman aiki. Wasu sun samu har sun ajiye tumbi, shi kuwa ko kujera bai canza ba.

Kamar jinjira ya riƙe tafiretar nan. Kullum safiya sai ya ɗiga mata man keken ɗinki, ya ɗora ta kan wani ɗan filo da marigayiya matarsa ta ɗinka. Da ofis ya daina karɓar bugun tafireta, surukinsa ya kawo masa kwamfutar cinya ta gwanjo. Baba ya koye ta da kyar, yana danna haruffa kamar mai kashe kuɗin cizo. Ita ma ya ɗora ta kan filon, don a wurinsa karramawa ce.

Sai kwamfuta ta kama zazzaɓi. Kafin ya gama takarda biyu fankarta na huci kamar tsohon da ya hau bene, ƙasanta ya yi zafin da za a iya goge riga, daga nan ta ɗauke ɗif. Layi ya riƙa toshe matakala. Mai kula da ginin ya ja masa kunne: teburin farko na mai sallamar jama'a ne, in aka sake tarar da cunkoso za a ba 'Yar Sauri, matar da ke bugu a tebur na biyu.

Baba ya kai ta wurin mai gyara. Mutumin ya kwance ta, ya zaro ƙura da audugar filo curi guda.

"Baba, wannan ta ƙasa take numfashi, kai kuma ka toshe mata hanci. Samu marafan kwalba huɗu ka ɗora ta, iska ta ratsa."

"Marafan kwalba? Ɗana, na yi maka kama da mai sayar da lemo?"

"To cire filon kawai."

"Injina bai taɓa zama kan katako tsirara ba. Da ka san hannun da ya ɗinka filon nan, da ba ka faɗa ba."

A hanya Baba ya yanke wa kansa hukunci: injin da ke kuka mai yake nema, tun kafin a haifi mai gyaran ya san haka. Ranar rufe karɓar takardu, layi har bakin titi, ya kifa kwamfutar, ya ɗiga man keke ta ramukan iska, ya mayar da ita kan filo. Ta yi shiru. Baba ya kalli 'Yar Sauri ta gefen tabarau, ya yi murmushi.

Ashe shirun fanka ne da mai da ƙura suka liƙe ta. Yana tsakiyar takarda ta uku warin ƙonanniyar roba ya tashi, allo ya yi baƙi. Ya danna, ya hura, ya yi mata fifita da hula. Kafin azahar an ɗauke teburinsa.

Yanzu can ƙarshen baranda yake, kusa da ƙofar bayi, yana cike fom da biro. Daga nan yana hango kwamfutar 'Yar Sauri zaune kan marafan kwalba huɗu, tana aiki ba tari.

"Baba, ina filon?" ta tambaye shi rannan.

"Ina zaune a kansa, 'yata. Ni ba ta ƙasa nake numfashi ba."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba.