Gaisuwa a Tsakiyar Kwara

Shekarun baya, lokacin da ayari ba ya ratsa dajin Ruma sai da masu baka saboda mahara daga Maraɗi, mahaifina ya tura ni daga Zakka zuwa ƙasar Nupe neman ilimi, wurin wani malami da ke zaune a bakin Kwara. Ni kuwa duk ruwan da na sani bai wuce tafkin bayan garinmu ba, wanda awaki ke ratsawa da rani.

Malam yana da babban kwalekwale. Ɗalibai ke tuƙa shi zuwa gonarsa ta ƙetare, su ke kuma ɗauko baƙinsa. Sabon zuwa ƙwarya ake miƙa masa ya yi ta kwarfe ruwa, sai ya daɗe kafin a ba shi filafili. Ranar da aka ba ni nawa, na gabana na fara kwaɗa wa a ƙeya, daga nan sunana ya koma Ɗan Tudu.

Dokar jirgin ita ce, da an tura daga gaɓa matuƙi ba ya magana, ba ya tsai da hannu, har a taɓa ƙasa. Baki ɗaya ke da izini, na babbanmu, mai zama a baya yana juya kan jirgi. Mutumin nan ba ya ƙaunata tun ranar da malam ya ce in gyara masa karatu. Na kuwa gyara da murya sama fiye da yadda ya kamata, Allah ya yafe mini.

Wata safiya aka ce fatake sun sauka a ƙetare, akwai baƙon malam a cikinsu. Muka je. Babbanmu shi kaɗai ya hau tudu, ya ce kowa ya zauna a wurinsa. Sai ga shi ya dawo riƙe da hannun mahaifina. Ya zaunar da shi a kan buhu daidai gabana, gwiwarsa na taɓa tawa, ya tura jirgi kafin in buɗe baki.

Babbanmu ya san ko wane ne, ya kuma san ni ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya fara yi masa magana, ko kallonsa ba ya yi sosai. Ɗan ne zai durƙusa ya gaishe shi. Ga ni ga mahaifina bayan shekaru, shi kunya ta hana shi, ni doka ta hana ni.

Babbanmu ya ce, "Baba, ya hanya? Ya aka baro mutan gida?"

"Lafiya lau, ɗana."

"Na ji an ce Katsinawa akwai ladabi. To Baba, a ƙasarku haka 'ya'ya ke tarbar iyaye, da ido?"

Mahaifina ya dubi ruwa. Sauran matuƙa suna ta danne dariya.

Mun kai tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, na kasa daurewa. Na janye filafili, na zube a gwiwa, na ce, "Baba, barka da zuwa." Ɓangarenmu ya yi sanyi, jirgi ya juya, ruwa ya kwararo ciki ya jiƙa kayan fatake da aka ɗora mana. Da ƙyar aka daidaita shi. Sai babbanmu ya miƙo filafilinsa ya shimfiɗa mini a baya, a gaban mahaifina, yana cewa, "Ɗan Tudu, kashe mu za ka yi?"

Da muka sauka malam ya ji labari, ya yi wa babbanmu faɗa, ya ba mahaifina haƙuri. Mahaifina ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, na gode da riƙo. Amma yaron ga, in a gabana haka ake yi mishi, ban san abin da ake yi in ba ni nan ba. Da shi zan koma."

Na roƙe shi, malam ma ya roƙa. Bai sake magana a kai ba. Ayari na tashi na bi shi, littafin da nake tsakiyarsa ban ƙarasa shi ba har yau.

Na sani dokar jirgi ba banza ba ce, da na daure kaɗan da mun kai gaɓa, kuma rayukan mutane na saka a hatsari. Wannan nawa ne, na nemi gafara. Amma wanda ya ɗauki kunyar uba da ladabin ɗa ya ɗana tarko da su don abokansa su yi dariya, na yi ta ƙoƙarin yafe masa, abin ya ƙi. Yanzu gero nake nomawa, in mutane sun zo da tambaya mai wuya sai in tura su Safana wurin waɗanda suka gama karatunsu. Duk sanda na yi haka sai in tuna da babbanmu.