Inda Baba Mai Jirgi Ya Sauke Buhunan

Zan fara da neman afuwa, domin shekaru sun ɗan ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina jin ranar Talata ce, amma ba zan rantse ba. A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune a gidanmu a Kwanyawa ina jiran aiki. Ni mutum ne mai yawan tsoro, mai duba abu sau uku kafin ya taɓa shi, kuma a wancan lokacin ina ɗaukar hakan a matsayin hankali. Wani malamina ya ba ni ɗan aiki, in shiga ruwan dam da ke kusa da Ƙaraye in ɗebo ruwa a kwalabe daga wurare shida da ya yi wa alama a taswirar waya. Ɗan manomi ne ni, ban taɓa shiga kwalekwale ba, ban kuma iya iyo ba.

Aka haɗa ni da wani dattijo da kowa ke kira Baba mai jirgi, da ƙaninsa, magidanci mai yawan barkwanci wanda ke riƙe da gorar tura jirgi. Jirginsu ba inji. Suna da wasu buhunan taki da suka ɗinke wuri ɗaya, sai su ɗaga su a jikin sanda iska ta riƙa tura mu. Da muka tashi, ƙanin ya tsokane ni cewa in riƙe kwalabena da kyau, kada masu ruwa, wato aljanun ciki, su ji haushin ana yi musu sata. Maimakon in yi dariya, sai na ɓata kusan rabin sa'a ina yi musu bayanin cewa duk wannan camfi ne na marasa ilimi. Baba ya ci gaba da gyara buhunansa. Ƙanin ya ce to Malam ɗan boko, sun ji sun gode, daga nan hirar ta mutu.

Bayan mun ɗebi wuri na uku ne hankalina ya fara tashi. Waya ta nuna wuri na huɗu yana gabanmu sak, iska kuma tana bayanmu, amma sai Baba ya sauke buhunan a tsakiyar ruwa. Ƙanin ya kashe rediyon da yake saurare tun da muka tashi. Suka karkata jirgin hagu, suka yi wani dogon zagaye zuwa wajen wata gaɓa mai duhuwar ciyawa, suna tuƙi a hankali kamar masu gudun a ji su. Na ga bakin Baba yana motsi, sannan ya ɗaga hannu, wanda a idona ya yi kama da ishara. Can nesa a gaɓar na hango mutum biyu da babur. A ƙarƙashin tabarmar da nake zaune kuma ƙafata ta taɓa adda. Na tambayi Baba dalilin zagayen, ya ce mini kawai nan ba a bi ta kai, in yi haƙuri. Na sake nuna masa wayar, ya kawar da kai.

Lokacin ana yawan labarin satar mutane, ko da yake ban san wanda abin ya taɓa faruwa da shi a kan ruwan nan ba. Na ɓoye wayar a cikin riga na rubuta wa yayana, wanda yake magatakardan dagaci, cewa ban tabbatar ba, amma ina zargin masu jirgin nan suna shirin miƙa ni ga wasu mutane. Ba abin da ya faru. Muka wuce gaɓar, aka sake ɗaga buhunan, ƙanin ya kunna rediyo, har ya miƙo mini gyaɗa. Na gama aikina lafiya. Na yi tunanin in sake rubuta wa yayana, amma na ce bari dai in ga ƙafata a ƙasa tukuna.

Da muka iso mashiga bayan la'asar, 'yan bangar da yayana ya sanar wa na jiranmu, ga masunta da mata masu sayen kifi sun cika wurin. Aka zaunar da Baba a ƙasa a gaban jama'a, aka fito da addar, aka ce ya faɗi su waye mutanensa a gaɓa. Sai a nan ya yi maganar da ya hana ni. Ya ce kafin a tare ruwan nan, ƙauyensu yana daidai wurin, kuma inda ya sauke buhunan maƙabartarsu ce. Mahaifinsa da mahaifiyarsa da 'yarsa ta fari suna ƙarƙashin ruwan. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa bi ta kansu ba, yakan zagaya, ya yi musu sallama da addu'a. Addar ta sare ciyawar da ke kama jirgi ce, masu babur kuwa bai ma gan su ba. Aka tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Ya ce yaron ya riga ya yanke musu hukuncin jahilci tun da safe, shi kuwa ba zai kai iyayensa inda za a yi musu dariya ba.

Shugaban 'yan bangar ya juyo gare ni ya ce, Malam, yanzu ka gamsu ko da saura? Wannan ne wurin da na fi jin kunyar rubutawa. Zuciyata ta gamsu sarai, amma ina tsoron a ce na tara mutane a banza. Sai na ce mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma ni ba zan iya tabbatarwa ba. Aka saki Baba, domin tsofaffin wurin sun shaidi maƙabartar. Sai dai maganata ce ta bi gari. Na ji daga baya cewa matan da yake ƙetarwa kasuwa sun koma wasu jiragen, kuma ana nuna shi ana cewa wanda aka taɓa zargi. Bayan kusan shekara na je neman gafara. Ya karɓe ni, ya ba ni ruwa, ya ce ya yafe. Ƙaninsa ne ya ce mini, ai a gaban mutane na ɓata yayansa, ga shi a zaure na zo gyarawa.

Abin da na koya shi ne, tsoro ba laifi ba ne, amma wanda ka raina da safe ba zai buɗe maka cikinsa da rana ba, kuma shirunsa ba shaida ba ce a kansa. Ina gargaɗin 'yan'uwana masu takarda: in kun zargi mutum a fili kuka gane kuskure ne, ku wanke shi a fili nan take, da kalma mai ƙarfi.

Duk wanda yake mashigar nan a ranar, ina roƙonsa ya rubuto wa mujallar nan ya gyara mini inda na yi kuskure, ko rana ce, ko yawan mutanen, ko abin da aka faɗa. Abu ɗaya ne ba ya bukatar gyara, wanda ya kamata in faɗa tun ranar: dattijon nan bai yi komai ba. Na tabbata.