Baba Ƙararrawa da Dokar Masu Ciwon Ƙoda

A ginin majalisar dokoki ta ƙasa akwai wani dattijo da ba wanda ya damu ya riƙe sunansa na yanka. Baba Ƙararrawa kowa ke ce masa. Aikinsa shi ne ya ɗauki ƙararrawar tagulla ya bi baranda-baranda yana kaɗawa, don 'yan majalisa su san za a zauna. Da can akwai ta lantarki. Ta lalace tun gashinsa na baƙi, kuma duk shekara sai an sa gyaranta a kasafin kuɗi, a amince, a tafa. Har yau hannunsa ne ke aikin.

Yana saurayi ya shigo ginin a matsayin masinja. A lokacin in ya ji shugaban majalisa ya buga guduma, tsikar jikinsa tashi take, yana ganin an yi wa ƙasa wani abin kirki. A hankali ya gane yadda ake yi. Ƙudiri sai an karanta shi, an yi muhawara, an tura kwamiti, ya dawo an yi masa karatu na uku, kafin a kai a sa hannu. Wanda bai kai nan ba har wa'adin majalisa ya ƙare, ya mutu, sai sababbin zuwa su soma daga farko. Ya kuma gane wani abu: ƙa'ida ta ce sai wani adadi na 'yan majalisa ya hallara kafin a zartar da komai, amma ba a ƙirga kai sai in wani ya miƙe ya nema. Ranar da suka ƙara wa kansu kuɗin motoci, kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Ba wanda ya miƙe. Aka ce masu goyon baya su ce e, suka ce e kamar za su tsaga rufi.

Matarsa tela ce, kafin ƙodarta ta gaza. Keken ɗinkin aka fara sayarwa. Likita ya ce a riƙa wanke mata jini sau biyu a mako, su kuwa sau ɗaya suke iyawa, wani makon ma babu. Kayan wankin daga waje ake shigo da su, da haraji a kansu. Wata 'yar majalisa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta kawo ƙudirin cire harajin. Ya sha ƙura a kwamiti, daga ƙarshe aka sa karatunsa na uku a ranar zama na ƙarshe.

Da safen ranar matar Baba na kwance, ƙafafunta a kumbure bisa matashi.

"Malam, yau ka kaɗa da kyau," ta ce. "Wanda ya ƙi fitowa ka kwaɗa masa ita a ka."

"Ke dai kwanta. E kawai za su ce."

"To, Allah ya sa bakinsu bai gaji ba."

Zauren ya cika maƙil da safe, domin abu na farko shi ne ƙarin kasafin da ke ɗauke da kuɗin sallamarsu. Ya wuce kafin shayi ya huce. Daga nan suka soma zamewa ɗaya-ɗaya. Da aka kira ƙudirin ƙoda bayan azahar, sai wani da ma'aikata ke kira Mai Turare ya miƙe. Tun da aka zaɓe shi ba a taɓa jin muryarsa a zauren ba, ƙamshinsa kawai ake ji. Kowa a ginin ya san wadda ta kawo ƙudirin ta ƙi mara masa baya lokacin da ya nemi shugabancin kwamiti.

"Ranka ya daɗe, a ƙirga mu. Ba mu cika ba."

Shugaba ya cire tabarau ya murje ido, ya ce a kaɗa ƙararrawa.

Baba ya fita da sauri irin wanda gwiwoyinsa suka manta. Ya bi ofisoshi, ya tarar hadimai na naɗe darduma suna cire talabijin daga bango. Ya shiga ɗakin cin abinci, inda ma'aikaci ba ya shiga, yana kaɗawa.

"Haba Baba, kunnenmu!" in ji wani mai ƙaton agogo. "Gobara ake?"

"Ranku ya daɗe, ƙirga kai ake. Dokar masu ciwon ƙoda ce. Shiga kawai za ku yi ku fito."

"Kai kuma me ya yi maka zafi?"

"Iyalina ce, ranka ya daɗe. Tana kwance."

"Ayya! Allah ya ba ta lafiya." Mutumin ya goge maiƙo a yatsunsa, ya zaro takardar kuɗi ya cusa masa a aljihu. "A saya mata lemo." Ya juya ga farantinsa.

A wurin ajiye motoci wani ya ɗaga gilashi tun kafin Baba ya ƙaraso. Mutum biyu suka biyo shi, ɗayan wayarsa ta yi ƙara ya tsaya a matakala yana dariya. Baba na bakin ƙofar zaure yana haki ya ji guduma. An ɗage zama sai illa ma sha Allahu. Mai Turare ya raɓa shi ya wuce, ya bar masa ƙamshi a maƙogwaro.

Ya isa gida da lemon a leda. Matar ta dubi tafin hannunsa da ya yi bororo.

"Sun ce e?"

"Da safe sun ce."

Ta karɓi ledar ta ajiye a gefe. Can ta ce ya taimaka ya juya ta, gefen nan ya gaji.

An rantsar da sabuwar majalisa. Ma'aikaciyar jinyar ba ta dawo ba, Mai Turare ya dawo. Harajin na nan. Makon nan ma ba su je asibiti ba.