Goggo Azema da Man Tsada

Ina shekara bakwai na fara jin sunan Azema Verret, kuma da faɗa na ji shi. Wata Lahadi ce aka sa mini takalmin coci mai matse yatsu, na cire na wurga shi ƙarƙashin gidanmu da ke kan ginshiƙai, na ce ko za a yanka ni ba zan sa ba. Mama ta riƙe ƙugu ta dube ni ta ce, "To, ga Azema ta sake dawowa duniya tun ba ta bar ta ba." Na daɗe ina zaton Azema sunan wata cuta ce ta taurin kai. Sai da na ƙara wayo na gane ƙanwar kakana ce, mai gidan nan na can ƙarshen titi a ƙasan garin Dulac, inda kwalta take ƙarewa ruwa ya karɓa.

Kaguwa take kamawa. Gajeruwa ce, damatsanta kamar na ɗan dako, kullum cikin farin takalmin roba da hular mijinta Ovide, wanda ya rasu tun kafin a haife ni. Kwale-kwale ɗaya ya bar mata, da tarkunan waya, da wani tsohon inji da ya saya shekarar da ɗansu Clovis ya shiga firamare. Irin injin nan ne da ake ja da igiya, ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur. Fentinsa ya goge, murfinsa a ɗaure da waya, amma in ta ja sau biyu bai tashi ba, to ranar akwai labari.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: abin da za a zuba a tankin nan. Ba ta sayen fetur a gidajen man bakin titi, na arha ko na tsada. Wurin tsoho Lirette take saye, mai famfo ɗaya a bakin ruwa, domin nasa ne ba a surka shi da barasar masara ba. Takan ce mota tana shan mai ta ƙone shi a kwana uku, ba ruwanta. Amma tankin jirgi yana zaune cikin laima dare da rana, barasar nan kuwa ruwa take zuƙowa daga iska kamar gishiri a damina, har ya kwanta a gindin tanki. Shi kansa Lirette ba ta yarda da shi a makance. Duk sa'ad da motar mai ta kawo masa sabo, sai ta zo da wata kwalbar zuma da ta zana wa layi da jan farce, ta gwada.

Maza a bakin ruwa sukan tsokane ta. "Likita ta iso! Hajiyar kwalba, yau wa za a yi wa allura?"

Takan ce, "Kai da aka janyo ka gida da igiya sau biyu bara kamar ɗan akuya, har kana da bakin magana?"

Ni na fara zuwa gidanta sosai ne bayan na gama sakandare, lokacin da na soma rubuta sunayen danginmu da labaransu a wani littafi, ganin guguwa ta cinye mana hotuna har sau biyu. Ita ce ta fi kowa sanin wa ya haifi wa, wa ya nitse a ina. Takan kira ni Malama Norine, ta zaunar da ni in taya ta ɓare kaguwa tana ba ni labari, in na rubuta kuskure ta buge mini biro.

Shekarar da ta cika saba'in da huɗu aka yi mata aiki a ƙugu. Sati bakwai ta yi a gidan Clovis a garin Houma tana ƙirga silin. Clovis mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Yana aiki a rijiyoyin mai na cikin teku, yana da babbar mota, kuma a wurinsa duk abin da ya fi tsada shi ya fi kyau. Tun mutuwar mahaifinsa yake son ta bar ruwa.

Kwana uku da komawarta gida, ta fita duba tarkuna da sassafe. Ta wuce mashigi na biyu, tana tsakiyar fadama inda ciyawa ta fi mutum tsayi, inji ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. Ta ja har kafaɗarta ta gaza. A watan Agusta ne. Tun hantsi take zaune cikin ranar nan da sauro har la'asar, kafin wasu masu kamun jatan lande su hango hularta a kan sanda su janyo ta. Leɓɓanta duk sun tsage. Ba ta ce wa kowa komai ba, amma kafin ta ɗaure jirgi labari ya riga ya isa Houma.

Ranar Lahadi bayan coci aka taru a gidanta. An dafa miyar kuɓewa da kaguwa, ga shinkafa, amma kowa ya san ba cin abinci ya tara mu ba. Clovis ya bari har aka kwashe kwanuka, sannan ya gyara murya.

"Mama, an gama. Na sami mai sayen jirgin. Ɗakinki na nan a gidana, har da na'urar sanyi."

"Na'urar sanyi. Gawa ce ni?"

"Da mutanen nan ba su bi ta can ba, da gawar ce. Kin manta ba ki gauraya baƙin mai ba ne, ko kin gauraya sau biyu. Ba abin kunya ba ne, shekaru ne."

Mamata ta sa baki a hankali. "Goggo, don Allah ki saurare shi. Kowa na mantuwa."

"Ke kike mantuwa, in ba haka ba da kin dawo mini da tukunyata tun bikin Ista." Ta juya kan ɗanta. "Shekara hamsin ina gauraya mai, tun kana tsotson yatsa. Wani abu ne ya shiga tankin nan."

Clovis ya buga tebur da tafin hannu, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya kama mutum. "To a nan kin faɗi, Mama. Ba za ki ɗora wa mai ba. Ni da hannuna na cika miki tankin kina asibiti, don ki dawo ki tarar. Kuma ba na gama-gari ba, na tsadan, mai lamba mafi girma a famfo. Baƙin man ma na zuba daidai."

Na ga Goggo ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Kai ka taɓa mini tanki?"

"Kyauta na yi miki."

"A wane famfo?"

"A gidan man da nake shan na motata."

Ta miƙe da sandarta. "Malama, ɗauko mini kwalbata a saman firiji. Kai kuma mai kyauta, sauka ka ɗauko tankin ka kawo baranda. Kada ka girgiza shi."

Muka fita duka. Ta sa tiyo har ƙasan tankin, ta zuƙa da baki, ta tofar, ta tara abin da ya fito a wani kwanon gilashi. Ko ni da ban san komai ba na ga abin: fetur a sama, a ƙasa kuma wani farin ruwa gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa.

"Wannan injina ya sha," in ji ta.

Clovis ya ce, "Ruwan sama ne ya shiga ta murfi."

"Ai na san haka za ka ce. Da sauran man a jarkarka?"

Da saura, a bayan motarsa. Ta zuba ruwan famfo a kwalba daidai jan layin, ta ɗaga mana kowa ya gani. Ta cika da fetur daga tata jarkar ta wurin Lirette, ta rufe, ta girgiza, ta ajiye a kan dakali. Muka tsaya muna kallo kamar yara. Da ya lafa, ruwa na nan daidai kan layi, bai motsa ba. Ta zubar, ta ɗauraye, ta sake zuba ruwa daidai layin, ta miƙa wa Clovis.

"Zuba naka na masu kuɗi. Kai za ka girgiza, kada ka ce na yi tsafi."

Ya girgiza ya ajiye. Ruwan ya fara kwanciya, ya zo kan layi, ya wuce shi, ya tsaya sama da shi kusan faɗin yatsa.

"Ka ga abin da ya ƙaru? Barasar ce ta bar man ta bi ruwa. Lambar da ka biya wa kuɗi, injin Ovide bai iya karatu ba. Sati bakwai abin nan na zaune a tankina yana shan laima, ni ina kwance a ɗakinka mai sanyi."

Clovis ya kalli kwalbar, kunnuwansa sun yi ja. Na zaci a nan zai tsaya, amma ɗan Azema ne. Ya ce, "To na ji, laifina ne. Amma duk da haka shekarunki saba'in da huɗu, Mama. Gobe wani abin ne zai same ki a can."

"In ya same ni a can, ya same ni a inda na sani. Ranar da hannuna ya manta awon mai, ni da kaina zan kira ka ka nemo mai sayen jirgin. Amma ba za ka shayar da injina ruwa ba, sannan ka zo ka ce ƙwaƙwalwata ce ta jiƙe. Kira mutumin ka ce masa ya nemi wani."

Da yammacin nan ta shimfiɗa jarida a kan teburin da muka ci abinci, ta kwance kafireton injin ɗaiɗai, tana wankewa tana hurawa. Ta canza tiyon man injin da ya yi laushi. Clovis bai tafi ba. Shi ya wanke tankin, shi ya cika ganga da ruwa ya ɗora injin a bakinta. Ta dafa murfin da hannu ɗaya, ta ja igiya. Ja na farko ya yi gurnani. Na biyu ya kama, hayaƙi ya turnuƙe baranda, ruwan ganga ya fantsama ya jiƙa wa Clovis wandon coci. Ta bar shi yana ruri har maƙwabta suka leƙo.

Abu ɗaya kawai ta karɓa daga hannunsa, ƙaramar rediyon kiran jirage, ita ma sai da ta ce don ta riƙa jin gulmar masu jatan lande ne. Washegari ta fita. Shekara huɗu ta ƙara tana kamun kaguwa, ba a sake janyo ta ba ko sau ɗaya. Clovis ma, na gan shi da idona bayan haka a famfon Lirette da jarka, ya ja hula ya rufe fuska, maza na yi masa ihu, "Ɗan likita, ina taka kwalbar?"

A shekararta ta ƙarshe a kan ruwa hannunta ya fara rawa, ta kasa riƙe gwangwanin awon mai ba tare da ya zube ba. Ba wanda ya ce mata komai. Ita ta kira Clovis ta ce ya nemo mai saye, kamar yadda ta faɗa. Ranar da aka zo ɗaukar jirgin ina wurin da littafina. Ta tsaya a baranda har motar da ke jan jirgin ta sha kwana, sannan ta shiga ta ɗauko kwalbar, jan layin ya kusa gogewa, ta ɗora mini a kan littafin.

"Malama Norine," ta ce, "na san dangin nan. Nan da shekara goma za su ce tsohuwa ta rikice ta ɓata a fadama, ɗanta ya ceto ta. In kin zo kan sunana, ki rubuta ranar nan yadda ta faru, da wanda ya zuba man, da inda ruwa ya tsaya. Duk wanda ya yi miki gardama, ki zuba masa ruwa daidai layi, ki ba shi ya girgiza da hannunsa."