Kafiyar Ozella Broadnax

Ni da Ozella taubasai ne. Mahaifinta, Kawu Cleophus, yayan uwata ne, kuma gidajenmu suna kallon juna a Ellery, ɗan ƙaramin garinmu na jihar Mississippi, inda in ba gonar auduga ba sai tafkin tarwada. Shekara ɗaya aka haife mu. Ni na tashi da hannun kitso, ita ta tashi da ƙwaƙwalwa da taurin kai, kuma har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Tun tana firamare malamai suke yawo da ita kamar kofin gasa. Gasar lissafi, Ozella. Baƙi sun zo daga ofishin ilimi, a kira Ozella ta yi karatu. Uwarta ta rasu tana da shekara tara, don haka Kawu ne uwa, shi ne uba. Aikinsa feɗe tarwada a masana'antar da ke bayan gari, daga safe har la'asar yana tsaye cikin ruwan sanyi. Yatsunsa biyu sun ƙage, ba sa miƙewa.

A shekarar 1991, muna ajin ƙarshe, takardu biyu suka iso mata. Ɗaya daga wata tsohuwar jami'a ce ta can jihohin sanyi, irin wadda sunanta kaɗai ke buɗe ƙofa, kuma sun ce karatu kyauta. Ɗayar daga Kwalejin Bethel Grove ce, tafiyar awa biyu daga gida, makarantar da 'yantattun bayi suka gina da bulon da suka gasa da hannunsu, a zamanin da ba a yarda baƙar fata ya taka harabar sauran ba. Ta biyun babu wanda ya kula da ita. Ta farkon kuwa, Kawu ya sa ta a leda ya kai wurin aiki, har mai gadi sai da ya karanta.

Ozella ta je ta ga duka biyun. Da ta dawo ta zo gidanmu ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ina tsefe mata kai.

Na ce, "To, 'yar boko, ya ƙasar Turawa?"

Ta ce, "Tressie, ɗakin karatunsu ya fi garin nan girma. Ban taɓa ganin kyau irin nasu ba. Kuma kowa yana ta yi min murmushi."

"Shi ne kike ɓata rai? Ki ba ni takardar in je a yi min."

"Ba za ki gane ba. Na shiga wani aji, ana maganar talauci a Kudu. Malamin ya juyo, aji duka ya juyo, wai in gaya musu yadda mutanena suke ji. Ni ko sunana bai tambaya ba. Na faɗi wata magana da ni kaina na san shirme ce, sai suka hau gyaɗa kai."

A Bethel Grove kuwa, in ji ta, ɗakin gwaje-gwajen yana yoyo, an tara bokiti a tsakiya. Wata tsohuwar malamar kimiyyar haɗa sinadarai, Dakta Hairston, gajeruwa mai sanda, ta ba baƙin ɗalibai tambaya uku a allo. Ozella ta gama kafin kowa ta miƙa. Matar ta duba, ta duba ta, ta ce, "Wa ya yi ta yi miki ƙarya cewa kin iya? Amsar daidai ce, hanyar ta malalata ce. Koma ki sake."

Ozella ta ce min, "Tun da nake ba a taɓa ce min in sake ba."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ce mata ta daina motsi kar tsagar ta karkace.

Lahadin da ta biyo baya aka yi abin da garin bai manta ba. Matan coci sun haɗu sun saya mata rigar sanyi mai kauri, ja, har gwiwa. Bayan wa'azi Fasto ya kira ta gaba, ya ɗaga rigar, ya ce yau Ellery za ta aika 'yarta inda kakanninmu ko shara ba a ba su ba. Coci ya ɗauki tafi da "Amin!" Kawu yana layin gaba cikin kwat ɗinsa guda ɗaya, yana share ido.

Ozella ta karɓi abin magana ta ce, "Iyayena, na gode. Allah Ya saka. Amma rigar nan a ba wata, don inda za ni ba a sanyi. Bethel Grove zan tafi."

Mai kiɗan piyano ta ɗauke hannu. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Me yarinyar nan ta ce?" da ƙarfi, don ba ta ji sosai. Kawu ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya bi tsakiyar coci ya fita, bai kalli kowa ba.

Da rana muka same shi a bayan gida yana soya tarwada a babban kasko, kamar kowace Lahadi. Bai juyo ba.

Ozella ta ce, "Baba."

Ya ce, "Ba ni da ta cewa. Ke ce mai ilimi."

"Baba, ka saurare ni."

Sai ya ajiye cokalin ya ɗaga hannunsa, ƙagaggun yatsun nan. "Kin ga wannan? Shekara ashirin da biyu. Ubana ta ƙofar baya yake shiga kanti, hula a hannu. An dake mu a kan titi don a buɗe ƙofofin nan. Yanzu sun buɗe ta gaba, sun shimfiɗa miki darduma, ke kuma kin ce a'a, ke ɗakin da ke yoyo kike so?"

Ta ce, "An dake ku don a buɗe ƙofa, ba don a tura ni ciki da ƙarfi ba."

"Tsoro kike ji. Faɗi gaskiya."

Nan ne idonta ya yi ja. "Tsoro? Can ne wurin sauƙi, Baba. Can in na yi rabin ƙoƙari za su tafa, su ce ai ta yi, daga inda ta fito. In kuma na faɗi, su ce dama haka suke. Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗauke da garin nan a ka. Ina son wurin da in na faɗi, Ozella ce ta faɗi, ba duk baƙar fatar duniya ba."

Kawu ya ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Ya juya ga kaskonsa. Kifin ranar ya ƙone, muka ci haka nan.

Gari ya yi ta surutu. Wasu suka ce saurayi ne ya ruɗe ta, wasu suka ce jami'ar ce ta janye takardar, ana rufa asiri. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta tare ta a kanti ta ce ta zubar da ƙwaƙwalwarta a kwata. Ozella ta ce, "Ƙwaƙwalwata ce, Malama, kwatar ma ta kakannina ce." Ranar tafiya Kawu ya ce yana da aiki. Ni na kai ta a tsohuwar motar uwata, akwatinta ɗaure da igiya.

Ba zan ce ta sha daɗi ba. Jarrabawar farko Dakta Hairston ta kayar da ita warwas. Ta kira ni daga wayar ɗakin kwanan ɗalibai tana kuka, ta ce in na gaya wa Kawu sai ta aske ni. Na'urorin makarantar sun girme mu, wani lokaci ɗalibai huɗu ke bin layi a kan guda ɗaya. Amma na lura in ta zo hutu, dariyarta ta canza. Ta shiga ƙungiyar masu ganga, ita da ba ta taɓa yin abin da ba a ba da maki a kansa ba. Ta yi ƙawaye da suka fi ta ƙoƙari, tana ba da labarinsu tana jin haushi tana jin daɗi.

Ta gama, ta ƙara karatun haɗa magunguna. Da ta nemi aiki a wani babban kamfani a birni, mai yi mata tambayoyi ya duba takardunta ya ce, "Bethel Grove? A ina take?" Ta ce, "Inda take tun 1871." Ba su ɗauke ta ba. Ta yi shekara shida a wani asibitin gwamnati, sannan ta dawo Ellery ta buɗe kantin magani a tsohon shagon aski, lokacin da mai ciwon suga sai ya yi tafiyar mil talatin kafin ya sami allurarsa.

Kawu ya huce, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Kullum yana zaune a benci a ƙofar kantin, duk wanda ya shigo sai ya ce, "'Yata ce. Da ta ji maganata da yanzu tana gidan talabijin." Ita kuma daga ciki ta ce, "Da na ji maganarka da yanzu ba ka da mai hana ka shan zaƙi. Ajiye lemon nan, ina ganinka." Shekara goma sha tara suna wannan. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai ce ta yi daidai ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba.

Na taɓa tambayarta ko tana tunanin abin da ta rasa. Ta ce, "Ina yi mana. Ni mahaukaciya ce? Na san akwai ɗakunan da ba zan taɓa shiga ba. Amma ni na zaɓa, kuma na san farashinsa."

Bana ta cika hamsin da biyu. Yara masu ƙoƙari suna zuwa da takardunsu su tambaye ta inda za su je, ba ta taɓa zaɓar wa kowa ba. Sai ta ce su je su ga wuraren da idonsu, in sun dawo su yi wa iyayensu bayani da bakinsu.

Asabar ɗin nan ta zo shagona na kitso. Na buɗe kan, na ga furfura ta cinye gaban duka. Na ɗauko kwalbar rini na ce, "Tsohuwa, bari in rufa miki asiri."

Ta riƙe min hannu ta ce, "Taɓa ki gani. Kin san wahalar da na sha kafin in samu wannan? Yi min kitsona kawai, kuma ki tsaga ta yadda za ta fito sosai."