An Rubuta Cewa Na Rasu

Ɗana na fari ya rasu da damina, bayan jinyar sati uku. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, kuma a nan ma ba zan rubuta shi ba. Mu Fulanin gida ne. Kakanninmu sun ajiye sanda sun zauna cikin garin Bauchi tun kafin a haifi mahaifina, har harshen ya kusa kuɓuce mana, amma kunyar ɗan fari ba ta bar gidanmu ba. In zan yi maganarsa da ƙannensa sai in ce yayanku. In da baƙi ne in ce babban.

Da aka yaye shi, yayar mahaifinsa ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta. Haka ake yi, ban kuwa yi kuka a gaban kowa ba. Ita ya buɗe baki yana kira Inna. Ni kuma ya ji ƙannena suna ce mini Adda, wato yaya, shi ma ya ɗauka, har ƙannensa da na haifa daga baya suka gada a wurinsa. Inna ta rasu yana sakandare, ya dawo gidanmu ya riga ya fi ni tsawo. Yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa idona yana kan faifai. In na dafa abin da yake so, ƙanwarsa nake ba ta kai masa, ba na cewa daga ni ne. Haka muka zauna har ya yi furfura.

Ya koyar a jami'a, a kan ƙasar noma da ruwa. Amma manoman rani na wajen madatsar ruwan Gubi sun fi ɗalibansa saninsa, don kusan kowace Asabar yana can cikin fadama da takalmin ruwa. Ranar jana'izarsa su suka cika layinmu. Wani tsoho a cikinsu ya aiko mini da kwandon albasa a madadin gaisuwa.

Bayan matarsa ta fita takaba, ta hau keke napep daga unguwar Yelwa ta zo gaishe ni da hantsi. Autata tana gida ran nan, ba ta da aiki a asibitin da take jinya. Muna zaune a tsakar gida, sai matarsa ta ce ɗalibansa sun rubuta tarihinsa a wani kundin sani da ke intanet, wanda kowa ke iya sa hannu ya rubuta ko ya gyara. Ta ce ita ma jiya aka turo mata, ba ta iya karantawa ba, tana ganin hotonsa ta kife wayar. Ta miƙa wa Auta ta ce ta karanta mana.

Auta ta fara, tana tsallake sunan saboda ni. Aka faɗi inda aka haife shi, aka faɗi makarantar firamarensa. Sai ta dakata da karatun.

Na ce, "Ci gaba mana."

Ta ce, "Nan ba wani abu ba ne, Adda." Ta nemi ta ja shafin sama da yatsa.

Na karɓi wayar. Na yi firamare har na gama, Hausa ba ta gagare ni ba. Na nisanta ta da idona na karanta da kaina: "Mahaifiyarsa ta rasu yana aji biyu a makarantar sakandare."

Matarsa ta riƙe baki. Auta ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta ce, "Ashe duk shekarun nan da gawa muke cin tuwo."

Na ce, "Ki iya bakinki."

A ƙarshen layin akwai wata 'yar lamba. Auta ta taɓa ta, ta kai mu ga wata hira da jarida ta taɓa yi da shi da Turanci. Ta fassara mini wurin. An rubuta cewa ya ce rasuwar uwarsa ce ta fi girgiza shi a ƙuruciya. Matarsa ta yi maza ta ce ai Inna yake nufi, ɗan jaridar ne ya juya kalmar yadda ya fahimta. Na ce haka ne. Na tashi na duba tukunya, ko da yake ban ɗora komai ba.

Ban damu da mutanen duniya su zaci na mutu ba, gobe ko jibi maganar za ta zama gaskiya. Abin da ya tsaya mini a ƙirji daban ne. Shin Inna ya ce aka juya, ko kuwa da bakinsa ya ce uwarsa? In haka ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Ita ta yi masa wanka, ita ta zauna a kansa da ya yi ƙyanda. Ni me ya gani a wurina ban da ƙeya da gajeriyar amsa? Wanda zan tambaya kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Ga 'ya'yansa suna tasowa da waya a hannu, wata rana nan za su je neman ubansu, su tarar ba ni a ciki.

Auta ba ta jira ba. Nan take ta buɗe wurin gyara ta goge layin, ta rubuta cewa mahaifiyarsa tana nan da ranta, ta ƙara da Allah ya jiƙansa da rahama a bayan sunansa. Ta ce shi ke nan, an wuce wurin. Kafin la'asar ta sake dubawa, sai ga tsohon layin ya dawo inda yake, addu'ar ma an cire. Wani daga cikin masu kula da kundin ya bar 'yar magana cewa an canza bayani ba tare da madogara ba.

Auta ta ce, "Madogara? Ga ki zaune a gabana kina jan carbi, wace madogara kuma ake nema?"

Ta fara rubuta masa amsa, ina ganin yadda yatsunta ke dukan wayar na san ba alheri take rubutawa ba. Na ce ta karanta mini. Ta karanta. Na ce ta goge.

"Adda, mutumin nan fa ya mai da ke kabari."

"Bai san ni ba. Abin da ya gani a takarda ya bi. Ki tambaye shi da ladabi me ake bukata."

Ta tambaye shi. Washegari ya amsa a wani shafi da ke bayan na tarihin, inda masu rubutu ke tattaunawa. Ya yi sallama, ya ce a ƙa'idarsu duk wanda yake ɗan'uwan mai tarihi ne ba a so ya gyara da hannunsa, sai dai ya bayyana dangantakarsa a nan, ya faɗi abin da ya ga ba daidai ba, wasu su duba. Ya tambaya, wace ce ke magana, kuma mene ne tsakaninta da marigayin?

Auta ta ce bari ta rubuta cewa ita ƙanwarsa ce. Na ce a'a, ba a kanta aka yi kuskuren ba. Ta dube ni, ta miƙo mini wayar.

Na daɗe da ita a hannu. Shekara hamsin da wani abu ban taɓa cewa ɗana ne a gaban mutane ba. Ko ranar da aka yi masa bikin ƙarin girma a jami'a, da wata mata ta tambaye ni ko ni ce mahaifiyar, cewa na yi mu dai 'yan'uwa ne. Yanzu ga shi ana so in faɗa a wurin da duk duniya ke iya gani. Abin da ya sauƙaƙa mini, sunansa yana can saman shafin, ba sai na rubuta ba. Da yatsa ɗaya, ina yi ina gogewa, na rubuta: "Ni ce na haife shi. Ina raye. Wadda ta rasu goggonsa ce da ta riƙe shi."

Amsarsa ta zo bayan azahar. Ya ce, "Mama, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. A cikin tarihin ba ma sa addu'a, shi ya sa na cire, amma a nan ina iya yi. Wallahi ba ƙaryata ki nake ba. Matsalar ita ce ni ban gan ki ba, wanda zai karanta bayana ma bai gan ki ba, jarida kuwa kowa na iya dubawa. In akwai wani abu da aka buga, littafi ko jarida, da ya nuna haka, ki taimaka mana da shi. Kafin nan na sa alama a kan layin cewa ana tantama."

Ban ji haushinsa ba. Na ga yaron kirki ne mai tsare amanar da aka ba shi. Sai dai ina zan samo abin da aka buga? Sanarwar rasuwarsa a rediyo aka yi, ta bi iska. A gida na haife shi, ba takardar asibiti. Kwana huɗu muna nema. Auta ta bi jaridun da suka yi ta'aziyyarsa, duk cewa suka yi ya bar mata da 'ya'ya biyar. A kwanakin nan abinci ba ya wuce mini sai da ruwa.

Ran na biyar da safe matarsa ta bugo waya ta ji inda aka kwana. Na gaya mata. Sai ta ce, "Adda, ai yana cikin littafinsa na noman rani. Shafin farko. Ni na zaci kin daɗe da gani, shi ya sa ban kawo zancen ba."

Na ce to, na gode, na ajiye wayar.

Na san littafin. Wani ɗan ƙarami ne mai koren bango da ya rubuta da Hausa saboda manoma. Shekarar da aka buga shi ya zo da guda, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ya tura shi kan tabarma ya ce, "Adda, ga wannan a ajiye." Na ce, "Madalla, ajiye nan." Bai tashi da wuri ba ran nan, ya ɗan zauna yana murza hularsa, ni kuwa ina ta tsintar wake. Da ya tafi na naɗe littafin a ɗankwali na sa a ƙasan akwati. Ban buɗe ba. A ganina buɗe shi kamar yabon ɗan fari ne, ko da ba mai kallo. Shekara goma sha ɗaya yana ƙarƙashin zannuwana.

Na shiga ɗaki na sakaya ƙofa. Na fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya na jera a kan gado. Littafin yana nan yadda na naɗe shi, yana ƙanshin turaren akwati. Na buɗe bango, na buɗe shafin da ke biye. Layi biyu ne a tsakiyar farar takarda:

"Ga Inna da ta raine ni, Allah ya jiƙanta. Ga Adda da ta haife ni, Allah ya ƙara mata lafiya."

Na karanta sau uku. Na zauna a bakin gado har Auta ta ƙwanƙwasa ta ce ko lafiya. Na buɗe mata na miƙa mata littafin a buɗe. Ta karanta, ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Da ta juyo sai ta ce, "Ke da yaya dai, Allah ya shirye ku. Shi ya rubuta ya kasa faɗa, ke kin karɓa kin kasa buɗewa."

Na ce, "Ɗauki hotonsa ki tura wa yaron nan."

Ta ɗauki bangon, da shafin da ke nuna maɗaba'a da shekarar bugu, da shafin sadaukarwar, ta tura masa. Kafin magariba ya amsa. Ya ce ya gani, kuma wani abokin aikinsa na kundin ya samo littafin a ɗakin karatu ya tabbatar. Ya ce da Adda kawai aka rubuta da ya ɗauka yayarsa ce, amma marigayin bai bar wurin shakka ba. Ya tambaya ko ina so a sa sunana. Na ce a'a, a bar shi haka.

Ya goge layin da hannunsa, ya rubuta cewa ya taso a hannun goggonsa, wadda ta rasu yana sakandare, kuma ya rasu ya bar mahaifiyarsa. 'Yar lambar da ke ƙarshen layin yanzu littafinsa take nunawa.

Auta ta karanta mini sau biyu, ta ce, "To Adda, barka da dawowa duniya. Me za a dafa wa mai dawowa?"

Na ce ta dama mini fura, ta sa nono da yawa. Na shanye kwanon tas.

Littafin bai koma akwati ba. Yana kan taga kusa da tabarmar sallata, ina karanta shafi ɗaya ko biyu bayan walaha. Yanzu na kai inda yake bayanin yadda ake ba albasa ruwa, cewa in ta kusa nuna sai a janye mata, in ba haka ba ta ruɓe a ajiya. Yadda yake rubutu haka yake magana, a hankali, yana maimaita abu sau biyu don kada a manta. Ban san ya ɗauko wannan a wurina ba sai da Auta ta faɗa.