Ƙwallayen fic a firjin matar Yaya

Tashi

Da asuba motar ma'aikatar gona ta ɗauke ni daga Jos zuwa filin jirgin Kano. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa, kowa ana tura shi waje ya sayo wani abu. Ni iri aka aike ni ɗaukowa a Landan, na wani ɗan itace da ake kira fic, mai kama da ƙaramin mangwaro mai gashi-gashi. Ana so a gwada shi a tsaunukanmu masu sanyi.

Lewisham

Yayana Sani, likita, ya tarbe ni, muka bi jirgin ƙasa zuwa gidansa a unguwar Lewisham. Matarsa Ladi 'yar manoma ce ta gaske, kuma ba ta raga wa ƙanin miji. "Duk Najeriya an rasa wanda za a aiko sai kai?" Haka ta ce, tana ajiye mini tuwon semo da miyar kuka.

Lambun bincike

Washegari na je lambun binciken tsirrai da ke bayan gari. Wata tsohuwar Baturiya mai digirin dokta ta kai ni gindin wata bishiya da aka tokare da sanduna. Ta ce wannan fic ɗin daji ne daga tsaunukan Tibet, ƙwallonsa sumul, ba kamar na kasuwa mai zane-zane ba. 'Ya'yansa ba daɗi sosai, amma yana jure cuta da ƙasa mara kyau, shi ya sa ake ɗaura na gida a kansa. Kuma kowane ƙwallo da irin gadon da ya ɗauko, ba biyu da suke ɗaya. Bishiyar ta tsufa, abin da ta haifa bana bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, ta ba ni ƙwallayen duka a gwangwani.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ajiyarsa. Wai sai ya yi watanni cikin jiƙaƙƙen yashi da sanyi, kamar yana ƙarƙashin ƙanƙarar dutsensu, sannan ya yarda ya tsiro. Na rungumo gwangwanin har gida, na sa a firji, na gaya wa Yaya. Shi kuwa yana sauri zuwa asibiti, ya ce to.

Ranar tsaraba

Ana gobe zan tafi na shiga kasuwa sayen tsaraba. Da na dawo da la'asar, tun daga matakala na ji ƙamshi kamar ana suyar gyaɗa. Ladi ta tare ni da fara'a, da faranti a hannu.

"Malamin gona, iri a jiƙe? A firji? Da ban gani ba da ya ruɓe maka. Garin nan ba rana, sai na wanke su na sa a oven su ɗan ji wuta. Ji yadda suka bushe."

Ta girgiza farantin, suka yi ƙara. Na zauna a kan akwatina. Ko a gidanmu haka ake yi wa iri, a shanya shi ya bushe ƙarau, kuma don ni ta wuni a tsaye. Yaya ya shigo, ya dubi farantin, ya dube ni, ya shige banɗaki.

"Sannu da aiki, Yaya Ladi," na ce.

Gida

Na sauka Kano lafiya, na wuce Jos, na gode wa Allah da waɗanda suka sauke ni. Na tarar har an haƙa ramuka an kewaye da waya. Na shuka, na yi ta ban ruwa ina sane, ko ɗaya bai fito ba. Na aika wa Baturiyar neman wani, aka ce bishiyar ta bushe.

Da suka zo hutun Sallah, Ladi ta tambaye ni yaushe za mu ci. Na ce ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba. Idonta ya kawo ruwa saboda tausayina.

"Kai, Allah sarki," ta ce. "Duk wahalar da na sha a kansu."